Na Baro Binciken Ƙudajena Ban Ƙarasa Ba

Hajiya Lami, don Allah ki taimaka mini da shawara, na rasa wanda zan gaya wa damuwata.

Shekara huɗu na yi a ƙasar waje ina bincike kan ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro. A jikinsu akwai ƙwayoyin gado masu fitar da gajerun saƙonni da ake kira RNA. A bakin kowace ƙwaya akwai wurin da wasu sinadarai ke sauka, su ke zaɓar wanda zai kwafe saƙon cikin masu kwafa biyu. Ina gab da gane yadda suke zaɓin sai Baba ya rasu bara waccan. Na zo garinmu 'Yankuzo, na tarar idon Inna ya kusa rufewa, na kasa komawa.

Yanzu ina koyarwa a Tsafe. Rannan na yi wa abokina Umaru bayanin aikin a majalisa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko Turawa na da maganin ƙuda mai ƙarfi. Ba ba'a yake yi ba, shi ya fi yi mini ciwo. Tun daga ranar na kama bakina. Ina cikin dangi, amma kamar baƙo.

Malamina na can ƙasar waje ya aiko wasiƙa cewa in ban koma kafin kaka ba, zai ba wani ɗalibi aikin. Yau wata guda ke nan wasiƙar tana aljihuna, ko Inna ban gaya wa ba.

Mai Ƙudaje, Tsafe

Malam Mai Ƙudaje, sai da na karanta bayaninka sau uku kafin na ɗan gane, don haka ka yi wa Umaru uzuri.

Zamanka wurin Inna lada ne, ilminka kuma amana ce. Kuskurenka ɗaya, ka yanke mata hukunci ba ka tambaye ta ba. Idonta ne ya raunana, hankalinta na nan. Ka karanta mata wasiƙar a makon nan, 'yan'uwanka na zaune. Ka kuma kawo ta Gusau likitan ido ya duba ta, wataƙila abin na da magani.

Sannan ka rubuta wa malaminka gaskiyar halin da kake ciki, ka nemi zuwan wata shida ka ƙarasa. In ya ƙi, ka roƙi a sa sunanka a kan abin da ka riga ka gano, haƙƙinka ne.

In Inna ta ce ka tafi, ka tafi ba tare da jin laifi ba. In ta ce ka zauna, ka zauna da zuciya ɗaya. Allah ya ba ta lafiya, ya zaɓa maka mafi alheri.

Hajiya Lami, Gusau