A Ƙara Ruwa Ko A Rage

Takur, Dutse
16 ga Maris, 2003

Zuwa ga 'yata mai sunan uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Abdulhakim, da amaryata 'yar ƙarama da ta ƙi ni saboda furfura. Yaya sanyin Alƙahira, yaya karatunsa? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Gwaggonki Indo tana gaishe ki, har yanzu ita ke fama da tukunyata.

Kin ce in rubuto miki gaskiyar yadda nake ji da zoben da kuka sa likitocin Masar suka ɗaura mini a bakin tumbi. To ga ta. Na je Kano wurin likitan nan Bamisire da suka haɗa ni da shi. Ya laluba maɓallin da ke ƙarƙashin fatar cikina, ya soka allura ya ɗura ruwan gishiri, zoben ya matse. Ya ce haka abin yake, a ƙara ruwa ya tsuke, a zuƙe ruwa ya saki, kuma jiki ne zai faɗi lokacin da za a taɓa shi, ba kalanda ba. Na ce masa shekaru na yi ina aikin ban-ruwa a ma'aikatar gona, ban taɓa ganin fadamar da ake ba ruwa don kada ta yi yabanya ba. Bai gane ba, don haka bai yi dariya ba.

Gaskiya an ga amfani, Uwata. Suga ya sauka, gwiwoyina sun daina kuka, ina hawa dutsen bayan gida ba tare da na tsaya ina haki ba. Tela ya rage mini wanduna. Allah ya saka muku da alheri.

Sai dai da ɗan abu guda. Kin san tun rasuwar mahaifiyarki, abin da nake jira a yini shi ne tabarmar ƙofar gida bayan magariba, inda kowa ke kawo kwanonsa mu haɗa mu yi ciyayya: Lado taubashina, da Malam Sale ladan, da Dung maƙwabcinmu na ofishin kuɗi. Yanzu loma kaɗan nake yi, ina tauna kamar akuya, sai in ji na cika. To ƙofar gidana ce, kuma baƙo ba ya barin hannu a kwano bayan mai gida ya cire nasa. Ina janyewa su ma sai su janye, kowa ya tashi da yunwarsa. Na rantse musu su ci gaba, amma kunya ba ta jin rantsuwa. Har matar Malam Sale ta aiko tana tambaya ko miyarta ce ta yi laifi.

Ban gaya musu zancen zoben ba, aikin ƙaba na ce an yi mini. Da wane baki zan gaya wa Malam Sale, mai gida cike da yara, wanda kullum sai ya yi awo, cewa na hau jirgi na je an ɗaure mini ciki don kada in ci abinci? Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, balle nawa da ya daina karɓar tuwon.

Ki gaishe da kowa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Bubayero Aujara


Takur, Dutse
22 ga Yuni, 2003

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar gidan gaba ɗaya. Wasiƙarki ta iso ta hannun ɗalibin nan ɗan Ringim, na karanta na maimaita. An yi ruwa, an yi shuka, Allah ya ba mu damina mai albarka.

Dabarar da kika ba ni na gwada, wato in bar hannuna a kwano ina murza loma ina hira. Ta yi aiki na ɗan lokaci. Amma ai Lado ba ya ganin mutum ya ƙyale shi. Ya dinga tsokanata, wai Masarawa sun mayar da ni amarya, ina cin abinci da yanga. Rannan da aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da naman kai, zuciya ta ɗebe ni, na yanko loma irin ta da na haɗiye. Ta tsaya mini a ƙirji cak. Ban kai bakin kwata ba, a gabansu na dawo da ita. Uwata, tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Daga nan magana ta fita. Kin san garinmu, in mutum ya yi ƙiba an ce ya samu hutu, in ya rame an ce ya ɗauko abu. Gwauro ne ni, na je ƙasar waje, na dawo ina zubewa, ga amai. Ba sai na faɗa miki sunan ciwon da suka ba ni ba, amma zan faɗa don kada ki ji a bakin wani: kanjamau. Kuma a wannan lokaci da ake shari'a, kin san tambayar da ke bin bayansa, wato a ina ya samo. Gwaggonki ce ta jiyo a gidan suna, ta dawo tana kuka.

Na ga ranar wanka ba a ɓoye cibiya, sai na tara abokan ciyayyata na faɗi gaskiya tun daga farko. Malam Sale ya ci gaba da jan carbi. Lado kuwa cewa ya yi, "Bubayero, ko ƙarya za ka yi, yi mai kama da gaskiya. Wa ya taɓa biyan kuɗin jirgi don ya sayo rama?" Na ɗaga riga na ce ya taɓa maɓallin ya ji da hannunsa. Mutumin da muka yi kiwo tare, muka sha nono a ƙwarya ɗaya, sai ya tura hannunsa cikin aljihu. Malam Sale ya leƙo daga nesa ya ce ai wannan ƙari ne, Allah ya sawwaƙe.

Washegari Malam Sale ya zo da cokali. Bayan kwana biyu ya ce gyaran lasifikar masallaci ya riƙe shi, kuma har yau ba a gama gyaran ba. Lado ya ce basir ya hana shi zaman tabarma. Na ji labari basir ɗin ba ya hana shi zama a ƙofar Malam Sale, can ciyayyar ta koma.

Kada ki tayar da hankalinki, jikina garau yake. Zuciyar ce dai ba ta da daɗi. Ki shafa mini kan amaryata.

Naki,
Bubayero


Takur, Dutse
3 ga Agusta, 2003

Zuwa ga Uwata abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke. Gero ya fara bunni, gonar Aujara ta yi kyau bana.

Kin tambaya wa ya rage mini. Dung ne. Kin san tun da aka fara shari'a ya mayar da iyalinsa Jos, shi kaɗai yake kwana a gidan nan na kusa, yana dafa 'yar shinkafarsa da ba ta taɓa nuna ba. Ban sani ba ko ya yarda da zancen zoben. Abin da ya ce kawai shi ne, ko zobe ne ko ciwo, bai taɓa jin an ɗauke shi a miya ba. Ya koyi cin abinci irin nawa. Yakan yi loma ɗaya, ya karanta mini labari guda a jarida, mu yi musu a kai, sannan ya sake yin wata. Sai a kira isha kwano bai yi rabi ba, kuma ba wanda ya tashi da kunya.

To shi ma zai tafi. An amince ya koma aiki jiharsu, ƙarshen watan nan motar kaya za ta zo. Na taya shi murna da bakina, don mutum da iyalinsa ai ba a shiga tsakani. Da na shiga ɗaki kuwa sai na ji kamar a ranar aka yi mini rasuwa.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Lokacin komawa Kano ya yi. A zuwan da na yi na baya likita ya ce ramar ta tsaya, in dai ba na amai kuma ruwa yana wucewa, zai ƙara ruwa a zoben don sugan ya ƙarasa sauka. Ni kuma so nake a rage. In kumatuna suka dawo, bakin mutane zai mutu, don ba a taɓa ganin mai wancan ciwon ya yi ƙiba ba.

Na san amsarki, kin riga kin rubuto ta: in bar su su yi ta faɗa, lafiyata ta fi, in rufe ƙofa in ci abincina. Ba ki yi ƙarya ba. Amma ke kina da mai ce miki miƙo gishiri. Gwaggonki ba za ta zauna ta ci da ni ba, kin san ba a yi, ajiye kwano take yi ta koma. Na gwada ci ni kaɗai a zaure ranar da Dung ya je Jahun, har ƙarar taunata nake ji. Likita ya ce jiki ne zai faɗi lokacin da za a taɓa zobe, amma bai ce mini wane ɓangaren jikin za a saurara ba.

Kin kuma ce in tattaro in dawo wurinku. In zo in zauna a bene hawa na biyar, ina kallon mutanen da ba na jin yarensu? A'a, Uwata. Ban yanke shawara ba tukuna, ina ta istihara. Ki taya ni da addu'a.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Bubayero


Takur, Dutse
19 ga Oktoba, 2003

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi laifi. Yaya maigidanki, yaya amaryata, yaya shirin azumi? Wasiƙunki biyu suna nan a aljihuna. Ban amsa ba ne don ban san ta inda zan fara ba.

Dung ya tafi. Na yi mako biyu ina shimfiɗa tabarma ina naɗewa, masu wucewa suna yi mini sallama daga tsakiyar titi. Ranar da na je Kano, likita ya jero tambayoyinsa: kana amai, ruwa yana wucewa, kana jin ƙuna a ƙirji in ka kwanta? Na san amsar da ke sa a ƙara, na san wadda ke sa a rage. Na ba shi ta biyun. Hankalinsa ya tashi, ya zuƙe ruwan kaf, har yana ba ni haƙuri. Wannan haƙurin da ya ba ni ya fi allurar zafi.

Ciki kuwa ashe bai manta hanya ba. Sabon gero ya shigo, ga fura, ga nonon kaka. Cikin wata guda fuska ta ciko, tela ya kwance abin da ya rage mini a wanduna. Na fara jin ana cewa Alhaji ya murmure. Malam Sale ya riƙe hannuna bayan sallar Juma'a, ya daɗe bai saki ba, ya ce addu'ar da suka yi ta yi mini ce Allah ya karɓa.

Shekaranjiya suka dawo tabarmata, Lado da Malam Sale. Lado ne a gaba, da kwanon farfesun kaza a hannunsa, yana cewa wai ya zo ya ga ko Masarawa sun sako masa ɗan'uwansa. Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban nema ba. Cinya ya tsamo da hannunsa ya ajiye a gabana, kuma na ga idonsa ya kawo ruwa. Na yi niyyar in ce musu lokacin da suka guje ni, a lokacin ne na fi lafiya. Maganar ta zo har bakina. Sai na dubi hannuwa uku a kwano ɗaya, na haɗiye ta tare da naman.

Ba zan ɓoye miki sauran ba. A safiyar ranar na je asibiti an auna ni, sugan ya koma inda kika same shi bara, tafin ƙafata ta hagu kuma ya fara yi mini kamar ba nawa ba. Likitan Kano ya aiko in je kafin azumi, a fara mayar da ruwan kaɗan-kaɗan. Na san abin da zai biyo baya in na je, na kuma san abin da zai biyo baya in ban je ba. Duka biyun na auna, ba cikin rashin sani nake ba.

Ba zan je ba, Uwata. Zan sha magungunana, zan rage fura, zan yi tafiyar safe, wannan na yi miki alkawari. Amma azumin bana a cikin mutane zan sha ruwa. In Allah ya kai mu bayan salla, ki sake tambayata, wataƙila in fi ƙarfin zuciya a lokacin.

Na san wahalar da kika sha a kaina, da kwanakin da kika yi a kujerar asibiti. Ki yi fushi, kina da gaskiya, amma kada ki daina rubuto mini. Ga ladan can yana gyara murya, kuma Lado ya aiko cewa yau dambu ne daga gidansa, kada in sa su jira.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki abin da kika yi mini.

Mahaifinki,
Bubayero Aujara