Na Ce Ma Ɗiyata Turba Tana Ƙarshen Sama

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da dukan masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da nake yi ma kaina ya fi wanda za ku yi mini.

Ni ɗan Sabon Birni ne, ina ɗaukar kaya a mashin daga kasuwa zuwa kasuwa, karatuna bai wuce firamare ba. Bara na saki matata a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba, kuma saki na uku ne. Ta koma gidansu a Turba, ni kuma na riƙe ɗiyarmu mai shekara uku, wadda za ni kira Nana a nan, na ba mahaifiyata. Ba don uwar ta kasa ba na riƙe ta, don in ƙona mata rai ne kawai.

Yarinya ta yi wata biyu tana kukan uwarta. Sai ƙanena da ke karatu a Sakkwato ya kawo mata tabulet, babbar wayar nan ta yara, ya sa mata wata manhaja mai nuna rana a tsakiya da duniyoyi takwas suna kewaya ta. In ka taɓa ɗaya sai ta matso tana juyawa, wata murya ta yi bayani da Turanci. Kuka ya ragu. In na dawo da la'asar sai ta haye cinyata, ta ɗora yatsa ta ce, "Baba, wannan fa?" Ni ba na jin abin da muryar ke faɗi, kuma na ji kunyar in ce ma ɗiyata ban sani ba. Sai na raɗa masu sunayen garuruwanmu. Rana ita ce Sakkwato, tamu duniyar Sabon Birni, jar nan Isa, mai zoben nan kuma Bafarawa, na ce 'yan kasuwa ne suka kewaye ta. Ta yi ta dariya, tana jan yatsa daga wannan zuwa waccan tana kukan mashin da bakinta.

Wata rana ta taɓa ta ƙarshe, shuɗiyar nan da ta fi kowace nisa da rana, wadda ƙanena ya ce babu komai cikinta sai duhu da sanyi. Ta ce, "Wannan fa?" Na ce Turba. Ta ce, "Inda Inna take?" Na ce eh. Ta sauka daga cinyata ta ɗauko takalminta ta ce mu je. Wane irin uba ne zai ga haka bai karaya ba? Ni ban karaya ba. Na ce mata mashin ba ya kaiwa can, kuma wanda ya je ba ya dawowa. Daga ranar ba ta sake cewa a kai ta ba, wallahi har daɗi na ji. In za ta ajiye tabulet ɗin sai ta rufa masa ɗankwalinta, wai kada Inna ta ji sanyi. Mahaifiyata ta gani ta ce mini, "Kai dai ka sani, abin da kake shukawa ba gero ba ne." Na yi kunnen uwar shegu da ita.

Watan jiya yayan tsohuwar matata ya roƙe ni, na kai Nana gidan wata gwaggonsu a Bafarawa ranar kasuwa. Uwar ta shigo, ta durƙusa ta buɗe hannu. Yarinya ta ƙanƙame ƙafata.

"Nana, ni ce, Innarki."

"Ba ke ba ce. Inna tana Turba."

"To ai daga Turba nike, da safen nan na hawo mashin."

"Ƙarya kike, mashin ba ya zuwa."

Uwar ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baban Nana, mi ka faɗa mata?" Na ce ƙuruciya ce, za ta saba. Har muka tashi Nana ba ta yarda uwar ta taɓa ta ba, 'yan kunnen da ta kawo mata ma ni aka miƙa ma.

Tun daga nan babu abin da ban yi ba. Na sa ƙanena ya faɗa mata ainihin sunan duniyar, ta ce, "Baffa bai sani ba, Baba ne ya sani." Na zaunar da ita na ce, "Nana, ƙarya na yi maki." Ta ce, "Baba ba ya ƙarya." Na ɓoye tabulet ɗin, ta wuni ba ta ci abinci ba, wai na ɓoye Inna. Ta yaya ake cire magana daga kan ƙaramar yarinya, bayan wanda ta fi yarda da shi ne ya sa ta?

Yanzu uwar za ta yi aure in an gama yankan gero, mijin mutumin Nijar ne, can zai tafi da ita. Ta aiko cewa ba ta neman komai gare ni sai in kai mata Nana Turba su yi kwana bakwai tare. Shekaranjiya na gwada. Na ɗora ta a mashin, muna fita daga gari na ce mata Turba za mu. Nan take ta yi fitsari a wando, tana cewa, "Baba yi haƙuri, ba ni ƙarawa." Ita a zatonta laifi ta yi za ni kai ta inda ba a dawowa. Na juya gida.

In na kai ta da ƙarfi, ina tsoron abin da zai sami hankalinta. In ban kai ta ba, uwarta za ta ƙetare iyaka ɗiyarta na kiran ta maƙaryaciya, kuma har yau ba ta san ni ne sanadi ba. Gero ya riga ya nuna. Jama'a, don girman Allah, mi za ni yi?