Ranar da Na Kame Bakina a Ajin Dakta Rahila

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwar ɗa ga uwarsa, da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Mutanen gida a Fagge duk lafiya. Baba yana nan da ciwon gwiwarsa, ƙanwata Zainabu ta gama sakandare. Masu leƙen shafin nan nawa na intanet za su ce me ya kai ni rubuta wa wadda ta rasu. Su karanta ko su wuce, ba da su nake ba.

Inna, har yanzu Adaidaita nake tuƙawa, kuma har yanzu bakina bai mutu ba. Tsofaffin littattafan nan da ake bazawa a ƙasa wajen shataletalen Bata, waɗanda kike cewa suna tara miki ɓeraye, ban daina sayensu ba. Da su nake kayar da mutane a majalisa. Na ɗauka ilimi ke nan: ka rufe bakin wani kafin ya rufe naka.

Akwai wata fasinjata, Dakta Rahila, 'yar Zariya, Kirista ce, tana zaune a Sabon Gari, tana koyar da falsafa a jami'a. Ni nake kai ta aiki da safe. Wata rana cunkoso ya riƙe mu, na zuba mata bayanin abin da ya lalata ƙasar nan tun daga tushe. Da na numfasa ta ce, "Auwalu, me za a nuna maka ka yarda ka yi kuskure?" Na ce babu. Ta ce, "To ai ba tunani ka yi ba, waƙa ka rera." Haushi ya sa na kusa hawa kan mai rake. Washegari ni da kaina na roƙe ta in riƙa zama a bayan ajinta, ta yarda.

Ajin nan abin kallo ne. Ba ta raba handawut. Tambaya ɗaya za ta rubuta a allo, ta hau tebur ta zauna. Dokarta kuwa, kafin ka musa wa mutum sai ka maimaita maganarsa har ya ce e, haka yake nufi. Inna, ki gwada tunanin ɗanki yana maimaita maganar wani!

Ɗaliban ba su so ba. Kullum sai "Madam, wanne ne zai fito a jarrabawa?" Har suka kai ƙararta wajen shugaban sashe. Na zage su a raina, mutanen da Allah ya ba kujerar da nake mafarki suna neman a tauna musu a zuba musu a baki. Amma da na bi dokar Dakta na maimaita maganarsu a raina, na ga ba wawaye ba ne. Tun firamare hadda aka koya musu, da ita suka iso nan, kuma wanda ya faɗi jarrabawa shi zai koma gida ya kalli idon ubansa. Na fahimce su, haushin dai bai tafi ba.

Shugaban sashe ya ce zai zo ya zauna a ajin da kansa. Idan bai gamsu ba, a karɓe darasin a ba wani. Dakta ta ce mini, "Gobe ko ka zauna a gida, ko ka ɗinke bakinka. Aka gane na shigo da wanda ba ɗalibi ba, shi ke nan an gama da ni." Na ce zan zo, kuma ko tari ba zan yi ba.

Na shiga na tarar ta rubuta: "Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Me ya sa? Kuma daidai ne?" Wallahi ba ta san komai a kanmu ba. Inna, ni da ban taɓa jin Auwalu a bakinki ba. "Kai" ko "yaron nan". In na yi miki tambaya sai ki juya ki ce, "Zainabu, faɗa wa yayanki abinci na kan murhu."

Wani mai tabarau ya ce jahilci ne kawai, a daina. Wata Maryam, wadda ita ce ma ta ja gaban masu ƙarar, ta miƙe a fusace. Dakta ta ce, "Maimaita tasa tukuna." Ta maimaita tana harararsa, sai kuma ta tsaya kamar an taɓa ta. Ta ce, "Tsaya, Madam. Idan don idon mutane uwa take yi, to in su biyu ne kaɗai a ɗaki ai za ta kira shi. In kuwa a nan ma ba ta kira ba, to ba kunyar mutane ba ce, wani abu ne daban." Aji ya kaure. Wannan ya ce a tambayo iyaye, wancan ya ce ai kunyar ba za ta bar su su faɗa ba. Shugaban sashe, dattijo mai furfura, ya manta abin da ya kawo shi, ya ɗaga hannu kamar ɗalibi ya ce shi ma ɗan fari ne, amma bai taɓa zama da mahaifiyarsa su biyu ba.

Ni kuwa na taɓa. A asibiti, cikin kwanakinki na ƙarshe, da rana tsaka, Zainabu ta fita neman ruwan zafi. Ba kowa sai ni da ke. Kika ce, "Kai, gyara mini matashin nan." Na gyara. Kika kama bakin rigata kika riƙe, kina kallon bango. Ba ki kira ba.

Amsar tana bakina, Inna, tana ƙona ni. Na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya har suka yi sanyi. Ban ce uffan ba.

Da aka tashi, dattijon ya ce wa Dakta ta ci gaba da darasinta yadda take yi. Sai ya nuno ni: "Wancan na baya fa? Kowa ya tofa ban da shi, ga shi sai gumi yake. Ɗan wane sashe ne?" Dakta ba ta yi masa ƙarya ba. Ya ce wannan karon ya kau da kai, sannan ya dube ni ba tare da faɗa ba: "Samari, aji na masu rajista ne." Na buɗe baki in yi masa irin tawa. Na laluba maganarsa ta ko'ina, ban ga inda ta karkace ba. Na ce, "Haka ne, Baba."

Yanzu tambayar ta rage a hannuna ni kaɗai. Ba don mutane kike yi ba, wannan na gani da idona. To sabo ne da ya fi ƙarfinki? Ko kuwa sunan ne ya yi miki nauyi a baki, saboda abin da ke bayansa? Ke kanki kin san dalilin, ko haka kika tarar kika bi? Ban yanke hukunci ba, kuma ban yi gaggawa ba. Ina juya ta ina tuƙi, ina jin daɗin juyawar.

Ajin ya tsira, ni ne na rasa kujera. A bakin get ɗin jami'a nake sauke Dakta yanzu in juya. Amma na yi rajistar jarrabawar shiga jami'a. Zainabu ce take koya mini lissafi da yamma, tana dariyata, domin shi lissafi ko ka yi masa tsawa ba ya ji. Ta ƙofar gaba zan koma ajin nan, in Allah ya yarda.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ni kuma ya buɗe mini kai, ya sassauta mini harshe.

Ɗanki,
Auwalu