Ranar da Na Dubi Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya gida, ya jikin Ummi, ya zafin Agadas? Mu nan Gangara lafiya lau, hatsi ya fara fidda kai.

Yaya, sunana ya fito cikin masu neman burs ɗin da ke ɗaukar nauyin karatun lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi. Saura tambayoyin baki, kuma da Ingilishi. Kalmomin makaranta da na neman tallafi duk na hardace su wajen daka, kowane bugun taɓarya da kalmarsa. Amma Madam, malamarmu, ta ce, "Rabi, in kika sunkuyar da kai gaban masu tambayar, za su ɗauka ba ki sani ba." Ni kuwa a littattafan soyayyata, mai sunkuyar da kai ita ake so.

Jiya Baba ya ji Inna tana tsokanata a kan haka. Ya ajiye hauya, ya zauna bisa tabarma, ya ce, "To, ni ne baƙon da zai tambaye ki. Dube ni ki faɗa." Kin san ban taɓa duban Baba ido da ido ba. Na ɗago, na fara faɗa da Ingilishi. Ko kalma ɗaya bai gane ba, amma sai gyaɗa kai yake kamar alƙali. Ashe in yana murmushi idonsa ɗaya rufewa yake. Har na gama ban sunkuya ba. Ya ce, "Ni dai na ba ki burs ɗin."

Tambayoyin ranar Laraba ne, a Agiye. Ki sa ni cikin addu'a. Inna na gaishe ki, ki gaida maigidan.

Ƙanwarki,
Rabi