Ƙyallen Kippei a Shingen Mararraba

Nakijin, 9 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Natsue,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aiki da mutanen Amagasaki. Nan zafi ya fara shigowa, gwandar bayan gida ta yi 'ya'ya, gwiwata kuma da sauƙi.

Bayan haka, ki nemi wuri ki zauna. Shekaranjiya Gushiken wanzami ya tare ni da mujallar besbol a hannu, wasan nan na jifan ƙwallo da dukanta da sanda, ya ce, "Tsoho, zo ka gwada bokon naka na ajin yamma a nan." Na ce, "Miƙo, mai aske gefe ɗaya ya manta ɗaya." Shafi guda ne suka jera yara talatin 'yan sakandare da ake sa ran manyan kulob za su ɗauka a zaɓen 'yan wasa na watan Oktoba. Na bi da yatsa. Na tara a jerin ɗanki ne, Natsue. Tamanaha Kippei, mai jifa da hagu, ƙwallonsa na gudun kilomita ɗari da arba'in da takwas a awa. A ƙasa suka rubuta, "Za a iya ɗaukarsa a zagayen farko." Sau uku na karanta ba wanda ya taya ni. Daga nan na kai mujallar gaban hoton mahaifiyarki, na kunna turare, na karanta mata ita ma.

'Yan ajin da za su yi taron tsofaffin ɗalibai sun rataye ƙyallensu na sanarwa a shingen mararraba, masu gasar raye-raye ma sun rataye, sai ni zan zauna? Ban kai wa masu bugawa ba. Yadi na sayo mita shida, na shimfiɗa a tsakar gida, na rubuta da hannuna: MUNA TAYA KIPPEI MURNA, ZAGAYEN FARKO. Gushiken ya ɗauki hotonsa ya tura wa yaron can makarantarsu ta Kyushu. Amsarsa ita ce, "Kai, Kaka." Kin san shi da kunya.

Na kuma sayi bunsuru. Kafin Oktoba zai yi ƙiba daidai romon mutum sittin.

Kada ki buga waya. Kin san kunnena, kuma ban zauna a bencin makaranta ina da shekara saba'in don in ƙare da ihu a waya ba. Ki rubuto.

Ki huta lafiya.
Mahaifinki, Seitoku

Amagasaki, 14 ga Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta ƙara sauƙi. Sau goma sha ɗaya na kira. Na san kana kallon wayar tana ƙara.

Baba, Afrilu muke. Zaɓen nan sai ƙarshen Oktoba. Abin da ke cikin mujalla hasashe ne. Bara ma sun jera talatin, fiye da rabinsu ba wanda ya kira sunansu. Mutanen nan mujalla suke sayarwa.

Ga abin da ba ka sani ba, don na so a kammala kafin in faɗa maka. Koci Shimozono na makarantarsu ya samar wa Kippei gurbi a wata jami'a a Tokyo. Karatu kyauta, ɗaki kyauta, shekara huɗu yana wasa, in hannunsa ya lalace yana da takarda. Sharaɗinsu ɗaya ne: ba zai cika takardar neman shiga zaɓe ba. Ba sa ɗaukar yaron da zai ajiye su a gefe ya jira ya ga ko kulob zai kira shi. Koci ya ba su kalmarsa, ni ma na ba da tawa.

To ka ga abin da ƙyallenka yake cewa. Yana cewa gidanmu ya riga ya zaɓi kulob.

Don girman Mama, ka sauke shi yau. Bunsurun kuma ka yi yadda ka ga dama da shi, ba da shi nake ba.

Ka kula da shan maganinka.
Natsue

Nakijin, 2 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Natsue,

Gaisuwa da fatan alheri. Damina ta kusa, jiya ma an ɗan yi yayyafi.

Wasiƙarki ta iso, na karanta, kuma rubutunki ya lalace tun da kika koma danna waya. Kin daɗe a Amagasaki har kin manta garinku. Yaushe aka taɓa sauke ƙyalle kafin ranarsa? Ana saukewa ne in an fasa aure ko an yi rashi. In na sauke yau, gobe matan unguwa za su cika gidan nan suna tambaya ko hannun yaron ne ya karye. Kuma wane ne a Tokyo zai san abin da ke rataye a shingen Nakijin? Motar haya ma sau ɗaya take wucewa a awa.

Duk da haka ban ƙi jin maganarki ba. Na hau tsani, Gushiken ya riƙe min yana mita, na ƙara a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: IN OKTOBA TA ZO. Yanzu ba wanda zai ce na yi ƙarya.

Sai wani labari mai daɗi. Ranar Talata wani ɗan jarida ya zo daga birnin Naha, wai an aiko musu da hoton ƙyallen, bai ce wa ba. Ya tambaya ko gaskiya ni na rubuta, na ce da wa kake gani? Ya ɗauke ni hoto a gabansa, ni da bunsurun. Ga shafin nan na yanko miki. Ki duba, ƙananan baƙaƙen ba su fito sosai ba, amma wannan laifin na'urarsa ne.

Ki gaishe da maƙwabta.
Mahaifinki, Seitoku

Amagasaki, 21 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa. Na yi shiru ne don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Ka tambaya wane ne a Tokyo zai sani. Jaridar ta sa labarin a intanet, kocin jami'ar ya gan ka, kai da bunsurunka. A watan Yuni ya kira Koci Shimozono ya ce tun da iyalin yaro sun yi biki tun kafin lokaci, ba zai hana su ba. An ba wani yaro gurbin. Koci Shimozono ya hau jirgi har Tokyo ya sunkuya a gaban mutumin yana ba shi haƙuri, shi da yake dattijo mai shekara sittin. Ni ma na ɗauki hutu na je Kyushu na sunkuya wa Koci. Shayin da ya zuba min ban iya sha ba.

Sauran ka gani a talabijin. An fitar da su daga gasar makarantu a wasa na uku, maki shida aka ci a hannun Kippei kafin a cire shi. Sabuwar mujallarka ta fito. Na saya, na bi da yatsa yadda kake yi. Babu sunansa.

Ga inda muke: babu jami'a, kuma ba tabbas akwai kulob. In watan Maris ya zo ya gama makaranta, ban san inda zai sa ƙafa ba. Yaron ba ya cewa komai, in na kira sai "to" da "babu komai".

Ba sai ka amsa ba.
Natsue

Nakijin, 30 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Natsue,

Gaisuwa. Guguwar makon jiya ta wuce, ta kayar da gwandar, rufin gida kuwa bai motsa ba.

Kin ce ba sai na amsa ba, amma ba ni da wani abin da na iya.

Na sauke ƙyallen ranar da wasiƙarki ta zo, da tsakar rana, kowa yana gani. Matar Kyan mai shago ta leƙo ta ce, "Seitoku, Oktoba ce ta zo da wuri?" Na naɗe shi na ajiye a rumfar baya, washegari na tarar bunsurun ya cinye kusan mita guda, daidai wajen da na rubuta zagayen farko. Shi ma ya fi ni hankali.

Na rubuta wa kocin jami'ar takardar ban haƙuri. Kwana huɗu ina yi, na yaga shida, don akwai kalmomin girmamawa da ba a kai ga koya mana ba, sai da na je wajen tsohuwar malamarmu ta gyara min. Na ce masa laifin tsoho ne da bai iya riƙe murna ba, yaro bai san komai ba, uwarsa ma ta hana ni. Amsa ta zo layi biyu. Ya gode, gurbi ya cika.

Masu mujallar nan kuwa, in na kama ɗayansu. A Afrilu hannun yaro zinariya ne, a Yuli bai isa a rubuta shi ba, hannu ɗaya, yaro ɗaya. Na faɗa wa Gushiken haka, ya ce, "Su hasashe suka yi, kai ne ka hau tsani." Ban sake zuwa aski wajensa ba. Gashina ya rufe kunne, dama ba amfaninsu nake ji ba.

Natsue, na ɓata miki abin da kika ɗinka. Ban san da me zan gyara ba. In akwai wanda ya rage a sunkuya masa, ki turo min sunansa.

Mahaifinki, Seitoku

Kyushu, 3 ga Oktoba

Kaka,

Barka da war haka, tsoho mai tsani. An ce ka daina aski. Kada ka zo min a talabijin kamar bunsurunka.

Na cika takardar shiga zaɓe ranar Litinin. Kulob biyu ne kawai suka aiko da takardar tambayoyi, a bazara kuwa tara ke zuwa kallo. Koci ya ce kada in sa rai sosai.

Mama ta ce ka rubuta wa jami'a ban haƙuri. Kaka, ba laifinka ba ne kai kaɗai. Ni na tura wa jarida hoton. Tun farko ba na son jami'ar, so nake in gwada yanzu da hannuna yake lafiya. Amma Koci ya riga ya ba da kalma, Mama tana ta murna, na kasa buɗe baki. Da hoton ƙyallenka ya zo na ga kai ka faɗa da manyan baƙaƙe, sai na bar shi ya yi min magana. Na san rashin kunya ne. Jiya na faɗa wa Koci, ya sa na share fili ni kaɗai. Na faɗa wa Mama, ta kashe waya.

Ka yafe min. In ba a kira ni ba zan dawo in taya ka yankan rake.

Kada ka yanka bunsurun tukuna.
Kippei

Nakijin, 27 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Natsue,

Gaisuwa mai yawa. Iska ta juya, safiya ta fara sanyi.

Kin ji sakamako kafin ni, amma ba ki ga yadda aka yi a nan ba.

Da farko, ɗanki. Kwana huɗu na yi ina neman gafara a kan abin da shi ya ƙulla, na rubuta da hannuna cewa yaro bai san komai ba. Ya mayar da ni maƙaryaci da kyakkyawan rubutu. Na aika masa shafi uku, ba zan maimaita miki ba. Sai dai da na huce na tuna ba shi ya hau tsani ba, kuma ke kin ce in sauke ban sauke ba. Mu biyu ne, ki raba mana fushin daidai.

Ranar zaɓe ban gayyaci kowa ba. Na je zauren unguwa don talabijin ɗinsu ta fi tawa ƙara, na tarar da mutum sun fi arba'in. Gushiken ya matsa min kujera ya ce, "Zauna, mai gashi." Aka yi zagayen farko, manya suna zura hannu a akwati suna jan ƙuri'a a kan 'ya'yan wasu. Na biyu, na uku. A na biyar mutane suka fara tuna sun bar tukunya a wuta. A na shida aka ce kulob duk sun rufe. Matar Kyan ta ajiye min shayi ba tare da tsokana ba, wannan ya fi tsokanarta yi min ciwo.

Na miƙe zan tafi, Gushiken ya ja rigata ya ce akwai sauran zaɓen 'yan reno, waɗanda ake ɗauka a gwada, masu lamba uku a bayan riga. Talabijin ma ta daina nunawa, a wayarsa muka bi, mu bakwai. Zagaye na huɗu. Ni ban ji ba, sai gani na yi yana dukan tebur. Na ce ba ni in gani da idona. Ƙananan baƙaƙe ne ƙwarai, amma na karanta. Tamanaha Kippei, mai jifa.

Na san ba jami'a ba ce. An bayyana min albashin kaɗan ne, kuma suna iya sallamarsa in bai nuna komai ba. Na san abin da kika so masa ya fi wannan tabbas. Amma watan Maris yana da inda zai sa ƙafa, ni kuwa tun ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Na sayo sabon yadi. Yana shimfiɗe a tsakar gida na danne shi da duwatsu, bunsurun yana ɗaure nesa. Tawada na nan, buroshi na nan. Ban ɗiga komai ba. Mutane suna wucewa ta mararraba suna kallon shinge, suna kallona. Ba zan rubuta ba sai abin da kika ce, in kuma kin ce a naɗe, a naɗe.

Ina jira.
Mahaifinki, Seitoku

Amagasaki, 31 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Ban huce ba, da kai da shi.

Ka rubuta sunansa, da "zagaye na huɗu na 'yan reno", da manyan baƙaƙe yadda za su fito a hoto. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya a kan shekara mai zuwa. A ƙasa ka sa "daga Kakansa da Mamarsa".

Kada ka hau tsani. Ina zuwa ranar Asabar, ni zan ɗaura. Ka je ka yi aski, ka ce wa Gushiken ya nemo babbar tukunya, citta kuma a sa da yawa.

In na sauka a Naha zan kira. Ka ɗauka.

Natsue