Ɗan da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Litinin, 2 ga Oktoba, 1749. Ludlow.
Ruwa tun asuba. Na gama labarin yarinyar nan da aka tsinta a bakin teku. Ashe 'yar babban gida ce, sarƙar wuyanta ta tona. Na san haka za a yi tun farko, amma na yi kuka. Mama, uwar mijina, ta same ni a bakin murhu, ta ce, "Keziah, in kin gama jana'izar mutanen takarda, kabeji na jiranki." Na rufe littafin. Su mutanen takarda ai ana yi musu jana'iza.

Laraba, 4 ga Oktoba.
Mijina Barnabas ya kawo tsofaffin littattafai cikin amalanke, daga wani gidan gona da ake sharewa. Ba na takarda ba ne, na fata ne, rubutun hannu, bangonsu katako. Wai na sufayen coci ne, tun kafin a rushe gidajensu. Zai yanka masu ƙwari ya ƙarfafa bayan sababbin littattafan da yake ɗinkawa, sauran a dafa su zama danƙo. An ba shi aikin wasu manyan littattafan taurari da lissafi, ana so kafin Kirsimeti.

Na ce ba zunubi ba ne a dafa rubutu? Ya ce, "Fata ce. Tunkiya ce da ta mutu tun zamanin kakan kakanki. Ke dai sili ce."

Sili. Kullum sili. Ba ya ce min wawiya kai tsaye, amma duk ɗaya ne.

Juma'a, 6 ga Oktoba.
Gidan duk wari. Kamar ana dafa takalmi.

Lahadi, 8 ga Oktoba.
Mun je coci. Ta ƙofar kudu muka shiga, ta nan muka fito, kamar kullum. Ban juya ba.

Bari in rubuta sau ɗaya, tunda ba mai faɗa a gidan nan. Ɗana ya zo a watan Yuli. Ya yi numfashi daga hantsi zuwa tsakar rana. Rabaran Ellery ya tafi ƙauye wajen marar lafiya, ungozoma ta ce baftisma ba huruminta ba ne. Kafin a dawo da Rabaran, an gama. Wanda ba a yi wa baftisma ba ba shi da suna, ba a kaɗa masa ƙararrawa, ba a karanta masa komai. Gefen arewa ake kai shi, bayan coci, inda rana ba ta sauka, wurin baƙi da waɗanda suka kashe kansu. Barnabas ya ɗauke shi cikin akwati a hammata. Ina kwance. Ya dawo ya wanke hannu ya koma kan ɗinki. Har yau ban je ba, shi kuma bai ce mu je ba.

A littattafaina, in jariri ya ɓata, yakan dawo a ƙarshe da gemu da dukiya.

Talata, 10 ga Oktoba.
An sa ni ware fatun, masu ƙwari gefe, ruɓaɓɓu cikin kwandon tukunya. Yawancinsu Latin ne, ba ruwana. Amma ɗan ƙarami ɗaya, mai bangon katako baƙi, kamar harshenmu ne. Kamar, na ce. Sai ka ce kakata ce ke magana da bakinta cike da burodi. Akwai wani harafi mai kama da p wanda ba p ba ne. In na karanta a fili nakan gane kalma ɗaya cikin uku. Waƙa ce, layi-layi.

Na zare shafukan na sa a ƙarƙashin katifa. Bangon na bari, Mama na so ta hura wuta da shi.

Alhamis, 12 ga Oktoba.
Waƙar a kan wata mace ce, matar makiyayi, tana wanke gashin tumaki a rafi. Babu basarake, babu takobi, babu wanda ya suma. Ban san ana rubuta irin wannan ba.

Asabar, 14 ga Oktoba.
Tana da ciki. Mijin ya tafi da garke kan tudu.

Mama ta ce leɓena na motsi kamar mai tsafi. "Wannan kuma wane saurayin ne, mai doki ko mai jirgi?" Na ce addu'a nake. Ta ce to in haɗa da miyar, ita ma tana bukata.

Laraba, 18 ga Oktoba.
Barnabas ya lura ƙaramin ya rage bango kawai. Ya ce fatarsa ta fi duka laushi, ita ke ba da danƙo mai kyau. Na ce ya bar min har in gama. Ya dube ni ya daɗe. Ya rame, ban lura ba sai yau. Ya ce, "Ki yi sauri, Misis Tapp. Taurari ba sa jira." Da can in ya kira ni haka wasa yake. Yanzu ban sani ba.

Litinin, 23 ga Oktoba.
Ta haihu a bukka ita kaɗai, ƙanƙara ta rufe hanya. Na gane wannan sarai. Ta naɗe shi a gashin tumaki ta kama hanyar coci da ƙafa. Ban iya ci gaba ba. Na ɗauko labarin da na karɓo haya shekaranjiya, na wata gwauruwa mai masoya biyu, na karanta shafi guda sau uku ban san me ya ce ba.

Talata, 24 ga Oktoba.
Ya mutu a hanya. Ta zauna a gindin ƙaya tana yi masa waƙa. Kuma me take ce masa? Seli. Ɗana seli, ɗan ƙaramina seli. An sauya harafi, amma kalmar ce, na faɗa a fili na ji ta. Sili. Ɗanta ya mutu a hannunta ba suna, tana ce masa wawa. Wawa da ya zo a ƙanƙara, wawa da bai jira ba. Layi bayan layi.

Ni da na ɗauka na sami 'yar'uwa.

Wani sufi ne ya rubuta, wanda bai taɓa riƙe jariri ba, yana dariya. Na sauka ƙasa na jefa shafukan duka cikin kwandon tukunya. Barnabas ya ce, "Kin gama?" Na ce na gama.

Laraba, 25 ga Oktoba.
Ciwon kai. Ban fita ba.

Juma'a, 27 ga Oktoba.
Zan rubuta duka.

Rabaran Ellery ya zo karɓar littafin wa'azinsa. Tsoho ne mai son surutu, ya ga fatun ya hau jimami, wai nan gaba za a nemi irinsu a rasa. Na kawo masa shayi a shago. Ban san me ya kama bakina ba, na ce ba asara ba ce, mutanen da ba su da zuciya. Na gaya masa na makiyayiyar da abin da ta kira ɗanta.

Ya ajiye kofi. Ya ce, "A'a, 'yata. Kalma ma tana tsufa ta lalace, kamar haƙorana. A zamaninsu ba wawa take nufi ba. Mai albarka take nufi. Marar laifi, wanda Allah ya riƙe. Sai daga baya mutane suka ga marar laifi ba shi da wayo, suka mai da ita zagi."

Na ce ko wanda ba a yi wa baftisma ba?

Ya ce, "Ita dai haka ta kira shi. Wanda ya rubuta kuma bai goge ba."

Barnabas na kan bencinsa ya ba mu baya. Na ji allurar ta tsaya.

Na fita tsakar gida da gudu. Mama na juya tukunya da muciya. Kwandon wayam. Ta ce, "Me kike nema, zobenki ya faɗa?" Na leƙa. Ruwa ne mai kauri, launin toka, baƙin tawada na yawo a sama. Akwai sauran shafuka bayan gindin ƙayar da ban karanta ba. Ban san ko ta isa cocin ba. Ban san inda aka sa shi ba.

Asabar, 28 ga Oktoba.
Da danƙon nan aka manna littafin taurari na farko. Ni na riƙe masa bangon.

Alhamis, 2 ga Nuwamba.
Ba ma magana sai ta gishiri da kyandir. Jiya na zubar da madara a gabansa, ya buɗe baki, ya rufe. Da ma ya zage ni.

Nakan gwada tuna layukan. Biyu kawai suka rage min, su ma ban tabbata ba.

Laraba, 8 ga Nuwamba.
Mama na faɗa tun safe. Baƙin katakon nan da ta ajiye don wuta ya ɓace, kuma wani ya shigo mata da laka har kan matakala. "Gida ya cika da masu karatu, ba mai goge ƙafa." Barnabas ya ɗora ƙarafan haruffansa a wuta shekaranjiya, alhali ba a kai ga buga suna a littattafan ba. Na gani, ban tambaya ba.

Lahadi, 12 ga Nuwamba.
A bakin ƙofa Rabaran ya riƙe hannuna ya ce, "Akwai wani abu a gefen arewa da doka ba ta yarda da shi ba. Sa'a idona ya tsufa, ban gan shi ba."

Na ce to. Na bi Mama gida.

Talata, 14 ga Nuwamba.
Na mayar da labarin gwauruwar. Mai shagon haya ta ce wanne ta aura, ba ta karanta ba tukuna. Na ce ban kai nan ba. Ta miƙo min sabo, na ce sai wani makon.

Hanyar gida ta bayan coci ta fi kusa, shi ya sa kawai.

Ciyawa ce da ƙaya, ƙasa jiƙe. Ban san wurin ba, amma ba sai na nema ba. Bangon littafin ne, an kafa shi a ƙasa, an shafe shi da kakin zuma saboda ruwa. Haruffa huɗu, an ƙona su cikin katakon, a miƙe sarai kamar duk aikin Barnabas. Seli. Da tsohon harafin ya rubuta, ba da namu ba. Wurin ɗan guntu ne. Bai kai tsawon hannuna ba.

Na daɗe. Siket ɗina ya ɓaci, Mama za ta yi magana.

Burodin yamma ya ƙone, don na makara. Barnabas ya juya shi ya ga baƙin, ya kankare da wuƙa. Ya ce, "Sili," a hankali, idonsa na kan burodin.

Ban san wacce yake nufi ba. Ban tambaya ba. Na tura masa man shanu.