Hoton Yaya ba filasha

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ya shigo shago da rana, da baƙin tabarau kamar ɗan sandan ciki. Sati uku ke nan da yi masa aikin ido. Wai ranar sha biyar ga wata zai yi wasansa na ƙarshe a babban ɗakin taro, yatsunsa sun fara ƙin jin magana a kan gita. Ni yake so in ɗauki hotunan. "Amma ba filasha, Auta. Likita ya hana." Auta! Shekarata hamsin da biyu, har da jika.

Na ce to. Da ya fita sai na fara lissafi. Shekara ashirin da shida ina hoton fasfo: farin bango, ɗaga haɓa, kar ka motsa, filasha. Kuma ban taɓa zuwa wasansa ba. Kiɗa ciwon kai yake sa ni, kowa a gidanmu ya sani.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je wurin gwajin Yaya da makaɗansa. Ɗakin ko taga ɗaya babu. Hoto ɗari biyu da sha biyu na ɗauka, ba na kirki ko guda. Mai ganga ya fito da hannu shida. Jar fitila ta mai da Yaya tumatir. Na ce don Allah su tsaya cak na minti ɗaya, mawaƙiyarsu ta yi dariya har ta zauna a kan lasifika.

Juma'a, 7 ga Maris

Maigida ya duba hotunan ya ce, "Wannan yayanki ne ko aljaninsa?" Hukuncinsa, shi ya wanke kwanoni yau.

Asabar, 8 ga Maris

Na tono tsohon ƙaramin lensina, gilashin gaban kyamara, daga akwati, wanda idonsa ke buɗewa sosai. Na kashe fitilar kicin, na kunna kyandir, na sa maigida ya riƙa kai da komo da ludayi a matsayin gita. In na ƙara wa kyamara jin haske, hoton ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa yashi. In na rage, duhu. In na bar idon a buɗe ya daɗe, mutum ya zama hayaƙi. Na zaɓi yashin. Gwiwar hannu a kan tebur, a riƙe numfashi, a danna. Huɗu sun fito. Maigida ya ce a wanke masa ɗaya.

Talata, 11 ga Maris

Mun ɗan yi sa-in-sa da mai fitilu kan jar fitilar nan. Mace ce mai kaifin baki, ta yi mini. Ta yarda za ta ba Yaya farin haske daga gefe a waƙa ta uku. Sai ta ce, "Anti, matsalarki ba haske ba ce. Ba kya jin waƙar, dannawa kawai kike yi." Wai kowane makaɗi yana da inda yake tsayawa da kansa. Yaya in ya ja dogon sauti yakan ɗaga kai ya rufe ido, daƙiƙa guda. Nan ake kama shi.

Ta tura mini waƙoƙin a waya.

Laraba, 12 ga Maris

Na saurare su sau tara. Don aiki.

Asabar, 15 ga Maris

Ƙarfe huɗu aka fara, ɗaki ya cika har bakin ƙofa. Na sa baƙaƙen kaya, na kashe ƙarar kyamara, na jingina da ginshiƙin hagu. Wani a layi na biyu ya haska filashar wayarsa. Ban san lokacin da na isa kansa ba. Ya nemi gafara sau uku, matarsa ta karɓe wayar.

A waƙa ta uku yatsan Yaya ya ƙi. Sauti ya karye, kowa ya ji. Shi kuwa ya kalli hannun, ya yarfa shi, ya ce a makirufo, "Tsohon ma'aikaci ne, ku yi masa haƙuri." Ɗaki ya ɗauki tafi. Ya sake daga farko. Ina ƙirgawa a zuci, na san inda za shi. Ya ja sautin, ya ɗaga kai, farin hasken ya sauka a kumatunsa. Na danna sau ɗaya tak.

Waƙar ƙarshe ba ta cikin waɗanda aka tura mini. Ashe a kan ɗan amon nan da Mama ke yi in tana guga ya gina ta. Ba ni da hoton wannan ko ɗaya. Tabarauna ne ya yi hazo.

Lahadi, 16 ga Maris

Na wanke hoton waƙa ta uku babba na kai wa Yaya. Fuska ta fito tsaf, bayansa duk yashi, hannun dama ya ɗan dushe. Na fara ba da haƙuri. Ya matso da hoton kusa da idon da aka gyara, ya daɗe.

"Bar hannun, aiki yake yi," in ji shi. Can ya ce, "Ashe haka nake." Matarsa ta riga ta cire agogon falo ta ba hoton ƙusar.

Alhamis, 20 ga Maris

Ashe duk Alhamis da la'asar makaɗan suna haɗuwa a garejin mai ganga, su yi wa kansu kiɗa. Na rufe shago da wuri na kai musu hotunansu. Da na iya aikawa, amma hoto bai son hannu da yawa. Sun ba ni kujera kusa da ƙofa. Na ce minti biyar zan yi.

Sai da na dawo maigida ya nuna mini kyamarar a kan gado, inda na bar ta. Awa biyu ban lura ba.

Har yanzu ina ganin gangar nan ta cika ƙara. Na dai tambayi ƙarfe nawa suke farawa, don in sani kawai.